Matakin hatsarin tsohon baraji na ƙasa

Baraji na ƙasa shi ne madatsar ruwa da aka tada da laka da jar ƙasa aka daddaɓe ta, ba da siminti ba, don a tare ruwan damana a yi noman rani da shi. Irinsu ne a jihar Tawa ta Nijar: Mozage da Zango a kan koramar Maggiya masu ba filayen Ƙwanni ruwa, da na Galmi, da na Ibohaman wajen Keita. Duk sun haura shekara 40, kuma ONAHA, ma'aikatar gwamnati ta filayen noman rani da aka kafa a 1978, ita ke kula da filayen tare da koperatif na manoma.

In injiniyoyi sun ce baraji na da babban hatsari, ba wai ya kusa ɓallewa ba ne. Abin da suke aunawa shi ne in ya ɓalle yau wa ruwan zai tarar a gaba. A Amurka mataki 3 ne: babba in ana ganin za a rasa rai, matsakaici in ɓarnar ta dukiya ce da hanya da kwadarko, ƙarami in ba ta wuce gonar mai barajin ba. Ke nan barajin da aka gina a daji ba kowa, in gari ya yaɗu mutane sun yi gidaje cikin fadama ƙarƙashinsa, to matakinsa ya hau ko da bangon lafiya lau yake, kuma nan ne ya kamata a riƙa sake lissafi a kai a kai.

Lafiyar bangon kuwa dubawa ce daban. Abu biyu suka fi kada baraji na ƙasa. Na farko ruwa ya hau ta kansa, kuma a ƙasar Adar, wato yankin Tawa, laka da rairayin da koramu ke kwasowa daga tuddai suna cike ciki shekara bayan shekara, wurin ajiya ya ragu, ruwa ɗaya mai ƙarfi na watan Ogusta sai ya fi ƙarfin mafitar rarar ruwa. Na biyu ya fi ban tsoro don a ɓoye yake, ruwa ya samu kafa ta ramin gara ko na ɓera ko saiwar icce da ta ruɓe yana cin bangon ta ciki. Shi ya sa ba a barin itace su girma a kai. Yoyo mai fita garau ana sa masa ido a auna, amma in ya fito da launin laka to bangon ne ke tafiya, a sanar da ma'aikatan jeni riral, wato injiniyoyin gwamnati na ayyukan karkara, da magajin gari nan take.

Misalin ɓallewar baraji: a Najeriya barajin Bagauda na Kano ya ɓalle a 1988, na Alau kuma a Satumban 2024 ruwansa ya shiga Maiduguri cikin dare mutane na barci.