Waiwaye: Allurar baya, faɗuwar jini da tumakin 1974

Tun da aka yi wa ƙanwata aiki a Gadarif, nan Sudan, aka ciro ɗanta, gardama ba ta mutu a gidanmu ba. Ita dai cewa take yi: "Yaya, ana gama allurar nan sai jiri da tashin zuciya, na ɗauka tafiya ce ta zo." Gwaggo kuwa tuni ta yanke hukunci: allurar baya, wadda a nan ake ce wa banj nisfi, sabuwar fitina ce, gara a sa mace barci gaba ɗaya kamar da. Wannan zancen ake ta juyawa a gidajen suna da zaurukan WhatsApp na matanmu, daga Mai Wurno har Kassala.

Allurar ta girmi Gwaggo nesa ba kusa ba. August Bier ya gwada ta a Jamus a 1898, a 1900 aka yi wa masu naƙuda ita a Basel ta ƙasar Switzerland. Daga baya aka ƙara rungumar ta, ganin yadda amai kan kwarara cikin huhun mai ciki idan an sa ta barci. Jiri da tashin zuciyar nan faɗuwar awon jini ke kawo su, dalilin faɗuwar jinin ma sananne ne: maganin yana sassauta jijiyoyin jini, ga ciki ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya in mace ta kwanta rigingine. Shi ya sa ake cusa mata matashi a ƙugun dama a karkatar da ita hagu.

Inda aka yi dogon zango shi ne 1974. A shekarar ne masu bincike a Amurka suka gwada magungunan ɗaga jini a kan tumaki masu ciki. Suka ga waɗanda ke matse jijiya kai tsaye suna rage jinin da ke zuwa mahaifa, wani daga cikin magungunan mai suna efedrin kuwa bai yi haka ba. Aikin nasu ba shi da aibu, sai dai tunkiya ba mace ba ce. Sakamakon ya shiga littattafai, malami ya koya wa ɗalibi, ɗalibi ya zama malami. Kusan shekara 30 ana ɗari-ɗari da fenilefrin, maganin da ke matse jijiya kai tsaye kuma ya fi riƙe jini, don tsoron cutar da jariri. Aka koma ɗura wa mace ruwa kafin allura, sannan a jira jinin ya faɗi tukuna a bi shi da efedrin. A 1993 wani bincike a Afirka ta Kudu ya nuna ƙarin ruwan kaɗai ba ya hana faɗuwar jinin sosai. A 2002 kuma likitoci a Hong Kong suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan mata, sai ga shi jinin jariran da aka bai wa uwayensu efedrin ya fi na waɗanda aka bai wa uwayensu fenilefrin tsami, abin da ba a so, domin maganin yana ratsa mabiyiya. Sai a 2018 masana na ƙasashe daban-daban suka haɗu a kan cewa a fara ba da fenilefrin tun da wuri, a riƙe jini sama da kashi 90 cikin 100 na awon farko.

Wannan gyaran bai gama zagaya ɗakunan tiyata ba yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, magani ya yi wuya, ma'aikata suka watse. Abin da ke cikin kabad da shi ake aiki.

Na sake tambayar ƙanwata me ta tuna. Ta ce akwai wani tsaye a kanta, na'urar awo tana ta matse mata dantse ba hutawa, ya zuba wani abu a cikin ruwan da ke hannunta. Kafin yaron ya yi kuka jirin ya sake ta.