Djibo Bakary: mutumin da ya ce wa Faransa a'a

Wane ne Djibo Bakary?

Ɗan siyasar Nijar ne, Bazabarme, an haife shi a 1922 a Soudouré kusa da Yamai, garin su Diori Hamani, shugaban ƙasar Nijar na farko, wanda ɗan'uwansa ne ma. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya koyar a Birnin Konni da Agadez, daga nan siyasa ta ja shi.

Me ya sa ake sa shi cikin 'yan gurguzu?

Don daga ƙungiyoyin ƙwadago ya samo ƙarfinsa. Leburori, direbobi, 'yan tasha da ƙananan 'yan kasuwa su ne mutanensa. Ya fara a jam'iyyar PPN-RDA, ya ɓalle lokacin da shugabanninta suka sassauta wa Turawa, ya kafa jam'iyyar UDN a 1954. Ita ce ta rikiɗe ta zama Sawaba mai alamar raƙumi. Sunan Hausa ne, kuma shi ne taken NEPU ta Malam Aminu Kano a tsallaken iyaka.

Ya taɓa riƙe mulki?

Ƙwarai. Ya zama magajin garin Yamai a 1956. A zaɓen 1957 jam'iyyarsa ta samu rinjaye a majalisar yankin Nijar, ya jagoranci gwamnatin farko ta 'yan ƙasa, amma wuƙa da nama na hannun gwamnan Faransa.

To me ya kayar da shi?

Ƙuri'ar raba-gardama ta 28 ga Satumba 1958. Janar de Gaulle ya ba ƙasashen da Faransa ke mulka zaɓi: ko su ce "i" su zauna ƙarƙashin inuwarta, ko su ce "a'a" su karɓi 'yanci nan take, tallafi kuma ya yanke. Djibo ya ce a'a, kamar Sekou Toure na Gine. Sai dai Sekou ya riga ya karya sarakuna a ƙasarsa, Djibo kuwa da goyon bayan wasu sarakunan ya hau, suka kuma juya masa baya. Faransa ta turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, ya sa jami'an mulki suka yi yaƙin neman a zaɓi "i" ba a ɓoye ba. Aka ce kusan kashi 78 cikin ɗari sun zaɓi "i", alhali yawancin masu rajista ba su ma fita ba. A ganina wannan ba zaɓe ba ne, danniya ce. Kafin Oktoba ya ƙare Djibo ya sauka.

Daga nan fa?

An haramta Sawaba a 1959, ya tafi gudun hijira Mali, Gana da Gine. A 1964 mayaƙan Sawaba suka kutso ta kan iyaka, aka murƙushe su, wasu aka harbe su a bainar jama'a. A Afrilun 1965 aka jefa wa Diori gurneti a filin idin Babbar Salla, ya tsira, wani yaro ya mutu.

Djibo ya dawo gida bayan juyin mulkin Seyni Kountché na 1974, sai ga shi a kurkuku a 1975. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai samu ƙuri'a mai yawa ba. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998.