Wai Amurka ta san abinda Hitler yake yi wa Yahudawa? Tambayoyi da amsoshi

Tambaya: Gwamnatin Amurka ta san ana kashe Yahudawa tun ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, ko sai da aka gama aka gano?

Ta sani mana. A watan Agusta 1942 wani lauya da ke zaune a Janiba, Gerhart Riegner, ya buga tangarahu cewa Jamus ta ƙulla shirin ƙarar da Yahudawan Turai gaba ɗaya. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ce ai wannan jita-jita ce, ta ma ƙi miƙa saƙon ga wanda aka aiko wa, wani malamin Yahudawa a New York mai suna Stephen Wise, sai ta Ingila labarin ya zagayo ya same shi, kuma da ya kai wa ma'aikatar maganar suka ce ya yi shiru tukuna har su bincika, bincike kuwa bai ƙare ba sai Nuwamba. Ranar 17 ga Disamba 1942 Amurka da Birtaniya da Sobiyat da ƙawayensu suka fitar da sanarwa suna tir da kisan. A Yuli 1943 ma Jan Karski, ɗan Folan da ya shiga unguwar da aka killace Yahudawa a Warsaw ya ga komai da idonsa, ya zauna da Shugaba Roosevelt ya gaya masa baki da baki.

Tambaya: To me ya hana su buɗe ƙofa mutane su gudo?

Doka da kuma rashin so. Dokar shige da fice ta 1924 ta yanka wa kowace ƙasa adadi, Jamus da Ostiriya a haɗe biza 27,370 a shekara. Jama'a na fama da rashin aiki tun bayan karyewar tattalin arziki, ga ƙyamar Yahudawa, ga tsoron wai 'yan leƙen asiri za su saje cikin 'yan gudun hijira. A 1938 Roosevelt ya kira taro kan 'yan gudun hijira a Evian ta Faransa, ƙasashe 32 suka je, kowa ya nuna tausayi kowa ya kawo uzurinsa. Shekara ta zagayo jirgin ruwa St. Louis ya taso daga Hamburg ta Jamus da mutum 937, kusan dukkansu Yahudawa 'yan gudun hijira, Kuba ta ƙi sauke yawancinsu, jirgin ya zo har kusa da Miami aka hana shi tsayawa ya koma Turai. Mutum 254 daga cikinsu daga baya suka mutu a kisan.

Tambaya: Kenan ba su yi komai ba?

Sun yi, amma a makare. Abin mamaki ma daga ma'aikatar kuɗi abin ya fito, ma'aikatanta ne suka gano cewa ma'aikatar harkokin waje tana danne rahotanni tana kuma jan ƙafa, sai ministansu Henry Morgenthau ya kai wa Roosevelt ƙara, ranar 22 ga Janairu 1944 aka kafa hukumar ceto 'yan gudun hijirar yaƙi ƙarƙashin John Pehle. Ita ce ta taimaka aka tura Raoul Wallenberg ɗan Suwidin zuwa Budapest, babban birnin Hangari, yana raba wa Yahudawa takardun kariya. Mafi yawan kuɗin aikin kuma ƙungiyoyin Yahudawa ne suka biya, ba gwamnati ba. Cikin Amurka kanta mutum 982 kacal aka shigo da su ta wannan hanya aka ajiye a sansanin Fort Ontario. Ni dai a ganina lissafin ba wuya, daga Disamba 1942 zuwa Janairu 1944 wata 13 ne ana zaune da labari a hannu.

Tambaya: Me ya sa ba su sa wa Auschwitz, sansanin da Jamusawa ke kashe Yahudawa a Folan, bam ba?

Nan ne har yau masana tarihi ke musu. A 1944 lokacin da ake kwasar Yahudawan Hangari, sama da dubu 430 cikin kamar wata biyu, an roƙi Amurka ta fasa layin dogon da ke kai su Auschwitz ko ɗakunan gas ɗin da ake kashe su a ciki. John McCloy na ma'aikatar yaƙi ya ƙi, ya ce jiragen ana buƙatarsu a fagen daga, hanyar ceto ita ce a gama da Hitler da wuri. Masu kare shi suna cewa bam ɗin wancan zamani ba ya saiti sosai, fursunonin zai kashe, layin dogo kuma Jamusawa na gyarawa nan da nan. Masu suka kuma suna nuna ranar 20 ga Agusta 1944, ranar da jiragen Amurka suka yi ruwan bam kan masana'antar IG Farben a Monowitz, 'yan kilomita kaɗan daga ɗakunan gas na Birkenau, wani sashe na Auschwitz.