Jami'a, Bincike da Manomi: Amsar Tambayoyin da Ake Ta Maimaita Mini

Tambayoyin nan su ne dai kullum, ko daga ɗalibi mai neman gurbi, ko daga uban da ke shakkar abin da ɗansa ya zaɓa, ko daga manomi. Na gaji da amsa su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na tara su wuri guda. Don Allah a karanta har ƙarshe kafin a sake turo wata.

Noma ai gado ne. Me kuma za a koya a jami'a?

Wanda ya gaji noma ya fi kowane farfesa sanin gonarsa, wannan ba a musu. Amma ido ba ya auna tsamin ƙasa. Kuma idan ganyen masara ya yi rawaya, yana iya zama yunwar taki, ko cuta, ko ruwa ne ya kwanta a gindinta, kowanne da maganinsa daban. Abin da ake koyarwa ke nan: ilimin ƙasa, tsirrai, kiwo, ƙwari da cututtuka, lissafin riba da faɗuwa, da yadda za a isar da duk wannan ga mai gona.

To wanda ya karanci aikin gona ƙarshensa fartanya ke nan?

A'a. Akwai kamfanonin iri da na taki, bankuna, cibiyoyin bincike, ma'aikatu, masana'antun sarrafa amfanin gona. Kuma a daina yin tambayar nan kamar fartanya abin kunya ce.

Jami'a tana raba taki kyauta ko tana ba da bashi?

Ba ta yi. Ba aikinta ba ne.

Me ya kai jami'a ƙauye? Ba koyarwa ce aikinta ba?

Koyarwa ɗaya ce cikin uku. Sauran biyun su ne bincike da kai sakamakon binciken ga manomi, kuma kamar duwatsun murhu suke, in ka cire ɗaya tukunya ba ta zama. Tsarin ya yi ƙarfi ne a Amurka. A 1862 shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill, wadda ta ba jihohi filayen gwamnati domin su kafa kwalejojin koyar da noma da aikin injina. A 1887 dokar Hatch ta ba da kuɗin kafa tashoshin gwaji a jikin kwalejojin. Sai a 1914 dokar Smith-Lever ta samar da malaman gona masu shiga gundumomi. Dubi jerin da kyau: an fara da aji, aka ga abin koyarwa bai isa ba sai an yi bincike, sannan aka ga binciken yana kwance a takarda, manomi bai san da shi ba. Indiya ta ɗauki wannan tsari ta buɗe jami'ar noma ta farko a Pantnagar a 1960. A Nijeriya, tashar binciken Samaru da aka kafa a 1922 ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Me ya sa bincikenku ba ya ƙarewa?

Domin shuka ba ta jin gaggawa. Mai kyautata iri yana haɗa iri biyu, ya shuka 'ya'yansu, ya zaɓi nagari, ya sake shukawa, damina bayan damina. Bayan nan a gwada a wurare masu ƙasa da ruwan sama daban-daban, sannan a gonakin manoma, kafin hukuma ta amince a saki. Sau da yawa abin yakan kai shekara goma. Wanda ya yi maka alkawarin sabon iri cikin damina ɗaya, ka yi hattara da shi.

Malamin gona ya kawo mini sabon iri daga jami'a, ya ce ya fi nawa albarka. In shuke gonata duka da shi?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta. A shekarar farko dai, ni ba zan ba ka shawarar haka ba. Ba wai don irin ba shi da kyau ba. Wataƙila ma ya fi naka nesa ba kusa ba. Amma akwai abubuwan da sai gonarka ce za ta amsa su.

Yawan buhunan da aka faɗa maka gaskiya ne a inda aka auna su. A gonar gwaji an yi shuka a kan lokaci, an sa taki cikakke, an cire ciyawa tun tana ƙarama, akwai ma'aikata masu zagayawa kullum. Kai kuma kana iya makara da mako biyu saboda jiran shanun huɗa, takinka rabin abin da aka ce ne. Wani irin yana jure wannan, wani kuma sai an cika masa sharuɗɗansa yake nuna bajintarsa.

Saboda haka kafin komai, ka tsare malamin da tambayoyi, kada ka ji nauyinsa, aikinsa ke nan. Kwana nawa irin yake yi kafin ya nuna? Mai saurin nuna shi ne ke tsira idan ruwa ya ɗauke da wuri, amma idan damina ta yi tsawo, galibi mai daɗewa ya fi shi cika rumbu. Kuma saurin yana da nasa wahalar: idan ya nuna ana tsakar ruwa, shanya za ta gagara, hatsi ya yi fumfuna. Idan dawa ce ko gero kuma ta riga ta maƙwabta nuna, tsuntsayen yankin duk gonarka za su sauka. Don me aka fitar da shi? Idan don jure wuta-wuta ne kuma gonarka ba ta da wuta-wuta, mai yiwuwa ba za ka ga wani bambanci ba. Mai aure ne, wato wanda ake samarwa ta hanyar barbarar iyaye biyu daban-daban, ko ba mai aure ba? Wannan tana da muhimmanci ƙwarai. Iri mai aure, in ka ɗebi na girbinka ka sake shukawa, 'ya'yan ba sa fitowa bai ɗaya kuma amfanin yana raguwa, don haka kowace shekara sai ka sayi sabo. Idan aljihunka zai ɗauka tare da kuɗin taki, to madalla, yana iya biyan kansa har da riba. Idan ba zai ɗauka ba, ingantaccen iri marar aure, wanda za ka iya ajiyewa na 'yan shekaru, yana iya fiye maka.

Sannan ka gwada ƙwayar kanta. Ƙirga guda 100, ka jera su a tsumma mai laima, ka naɗe, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Bayan kamar mako guda ka buɗe ka ƙirga waɗanda suka tsiro. In kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun ƙi, koma wurin wanda ya ba ka tun kafin ka yi asarar damina.

Gwajin gona kuwa ga yadda ake yin sa. Ware kunyoyi kaɗan, sabon iri a nan, naka na da a gefensa. Rana ɗaya za ka shuka su, taki iri ɗaya, noma lokaci ɗaya. Kuskuren da nake gani kullum shi ne a kai sabon iri kusurwar da dabbobi suka kwana da rani, ko a jefa shi ƙarƙashin bishiya inda komai ba ya yi, sannan a zo ana yabo ko ana zagi. Wannan ba gwaji ba ne. Kafa turaku a kan iyaka domin kada ka rikice ranar girbi, ka girbe su daban, ka shanya daban, ka auna da mazubi ɗaya bayan sun bushe. Kada ka tsaya a nauyi kawai. Dubi yadda yake zama a ajiya, ko ƙwari sun fi son sa, ko dabbobi na cin karansa, ko masu saye na karɓar launinsa. Kuma damina ɗaya ba ta isa hukunci ba, domin shekarar ruwa da shekarar fari ba amsa ɗaya suke bayarwa ba.

Kada ka ɗauka wannan taka-tsantsan ƙauyanci ne. A 1943 masu bincike biyu, Bryce Ryan da Neal Gross, sun duba yadda masara mai aure ta yaɗu tsakanin manoman jihar Iowa ta Amurka. Sun gano cewa yawancinsu a ɗan yanki suka fara gwadawa, kuma ko da yake daga 'yan talla da yawa suka fara jin labari, ganin gonar maƙwabci ne ya fi shawo kansu.

Akwai inda zan sassauta. Idan maƙwabta masu ƙasa irin taka sun yi shekaru suna shuka shi kana gani da idonka, ko kuma cuta ta riga ta ci ƙarfin irinka na da, kana iya ba sabon fili mai yawa tun farko. Ko a hakan, ajiye ɗan tsohon irinka a wuri mai kyau.

Tsutsa ta shiga masarata, wane magani zan fesa?

Ba zan faɗa ba sai na ga tsutsar. Haba jama'a! Guba ce fa ake magana, ba ruwa ba. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne, sai a 2016 aka fara ganin ta a Afirka ta Yamma, kuma mutane da yawa sun yi ta feshi da abin da bai dace ba. Kawo ganyen da tsutsar a cikin kwalba, ko ka turo hoto mai kyau.

Shin binciken jami'a ya taɓa amfanar ƙaramin manomi kuwa?

Ƙwarai. Ɗauki buhun PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙira tare da abokan aikinsu a Afirka domin ajiyar wake. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne daban. Iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su shaƙe abin da ya rage su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Amma da ba a bi ƙauyuka ana ɗaure buhu a gaban jama'a, a dawo bayan watanni a kwance a gabansu ba, da ba wanda zai yarda.

Yanzu da akwai waya da rediyo, ana buƙatar malamin gona?

Ana buƙata. Waya tana kai saƙo, ba ta tsugunawa ta tone gindin shuka. Shi ya sa tsarin makarantar manoma a gona, wanda hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara a Indonesiya a 1989, ya yaɗu: manoma su taru a gona kowane mako, su duba, su ƙirga ƙwari, su yanke shawara da kansu. Kuma malaman gona, ku riƙa sa taro a lokacin da mata za su iya zuwa. Su ma manoma ne.

Ni ɗalibi ne, an tura mu ƙauye, ina tsoron manoma su raina ni.

Kwantar da hankalinka. Ba wanda ke jiran ka san komai. Gaida mutane, ka zaga gona da mai ita, ka yi tambaya fiye da bayani. Abin da ya fi ƙarfinka ka ce za ka tambayo malamanka, sannan ka tabbata ka dawo da amsar.

Idan na gwada irin bai yi ba fa?

Ka koma ka faɗa, kada ka yi shiru kana ƙorafi a gida. Zo da ranar da ka shuka, irin takin da ka sa da yawansa, lokacin da ruwa ya yanke, da ɗan samfurin abin da ka girbe. Da irin wannan rahoton ne mai bincike yake sanin abin da zai gyara a iri na gaba.