Me ake nufi da "odd couple"?

Duk mai bin jaridun Amurka da na Birtaniya ya sha cin karo da laƙabin "odd couple". Ana liƙa shi ga mutum biyu da halinsu ya yi hannun riga, amma wani dalili ya ɗaure su wuri ɗaya, ko aiki, ko gida, ko abota, suka kasa rabuwa. Sai sharuɗɗan biyu sun cika. Bambancin hali kaɗai bai isa ba, domin duniya cike take da mutanen da ba su yi kama da juna ba, kowa na harkar gabansa. Kuma ba zaman doya da manja ake nufi ba, don a nan babu ƙiyayya. Suna son juna, shi ya sa ma abin yake ba da dariya.

Laƙabin ya samu gindin zama ne daga wani wasan kwaikwayo mai suna The Odd Couple, wanda Neil Simon ya rubuta, aka fara nuna shi a watan Maris na 1965 a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta birnin New York. Mike Nichols ne ya ba da umarni, Walter Matthau da Art Carney suka fito a matsayin taurari. A 1968 kamfanin Paramount ya mayar da shi fim ƙarƙashin darakta Gene Saks. Matthau ya riƙe matsayinsa, Jack Lemmon kuma ya karɓi na Carney. Simon bai yi nisa ba wajen neman labarin: yayansa Danny ne ya tare da wani abokinsa bayan auren kowannensu ya mutu, ƙanin yana gefe yana kallon yadda zaman ke gudana.

Ga yadda labarin yake. Oscar Madison marubucin labarin wasanni ne a jarida, aurensa ya mutu, an bar shi shi kaɗai a gida mai ɗaki takwas da ya koma kamar juji. Firijinsa ya lalace, abincin ciki ya canza launi, kuma shi yake miƙa wa abokansa idan sun zo buga karta daren Juma'a. Kuɗin ciyarwa da ya kamata ya riƙa aika wa tsohuwar matarsa Blanche sun taru masa. Shi kuwa Felix Ungar, mai rubuta labarai a gidan talabijin, matarsa Frances ce ta ce ta gaji. Fim ɗin ya buɗe da shi yana yawo cikin dare da niyyar kashe kansa. Ya kama ɗaki a otal don ya faɗo ta taga, tagar ta ƙi buɗuwa, garin kokawa da ita bayansa ya riƙe. Abokinsa Oscar ya ji tausayinsa ya ce ya dawo gidansa su zauna.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Felix ya share gidan tas, ya shiga girki, ya fara lissafin cefane. Abokan karta ba su da sakat, ana ɗaga kofi ana goge ƙasansa, ana fesa maganin wari a kansu, har katin kartar ma sai da aka wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ɗaya bayan ɗaya suka fara zamewa. Oscar ya shirya musu liyafa da wasu 'yan'uwa mata biyu Turawan Ingila da ke zaune a benen, Gwendolyn da Cecily Pigeon. Ya dawo gida a makare bai kira waya ba, Felix ya tare shi da ƙorafin cewa naman da ya gasa ya bushe. Da baƙin suka iso, Felix ya zaro hotunan matarsa da 'ya'yansa ya fashe da kuka, su ma suka taya shi. Daga nan zaman ya lalace, har ranar da Felix ya gyara wa Oscar sunan irin taliyar da ke cikin faranti, Oscar ya ɗauki farantin ya maka shi da bangon kicin.

A nan ne hikimar Simon take, kuma a nan ne masu amfani da laƙabin suka fi yin sakaci. An saba taƙaita labarin da cewa mai tsafta ne ya haɗu da ƙazami, kamar Felix ne mutumin kirki, Oscar kuma matsalar. Ba haka ba ne. Tsaftar Felix mulki ce. Yana yi maka hidimar da ba ka nema ba, sannan ya sa ka ji kai mai laifi ne. Ga raki, kullum wuyansa ko hancinsa na ciwo. Oscar kuwa, duk da sakacinsa, shi ne ya buɗe ƙofarsa ga wanda ba shi da wurin zuwa. Mai kallo kan gane cewa gardawan nan biyu sun sake gina auren da kowannensu ya rushe, da irin gardamar da suka yi da matansu, kusan kalma da kalma. Kana ganinsu kana fahimtar abin da ya kori Blanche da abin da ya gajiyar da Frances, alhali ba a nuna ko ɗaya daga cikin matan ba. A ƙarshe Oscar ya kori Felix, 'yan'uwan nan mata suka ba shi masauki. Amma tsimin Felix ya sa Oscar ya biya bashin da ke kansa, kuma da abokan karta suka koma teburi, Oscar da kansa ne ya ja musu kunne kada su zubar masa da guntun sigari a ƙasa.

Talabijin ce ta ƙarasa shigar da laƙabin bakin jama'a. Tashar ABC ta yi shirin daga 1970 zuwa 1975 da Tony Randall da Jack Klugman. A 1982 aka sake shi da baƙaƙen fata, Ron Glass da Demond Wilson. A 1985 Simon ya juya wasan ya koma na mata, Florence da Olive. Lemmon da Matthau sun dawo da kashi na biyu a 1998, shekara 30 bayan na farko, sai dai bai kama ƙafar na farkon ba. CBS ta sake gwadawa a 2015 da Matthew Perry.

Yau an fi jin laƙabin a fagen siyasa. Misalin da ya fi dacewa shi ne alƙalan Kotun Ƙolin Amurka biyu, Antonin Scalia mai ra'ayin mazan jiya da Ruth Bader Ginsburg mai sassaucin ra'ayi. Lokacin da suke raye, a hukunci sau da yawa ba sa ga maciji, amma tare suke zuwa kallon opera, wato wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa, iyalansu kuma tare suke bikin shiga sabuwar shekara. Haka Ian Paisley da Martin McGuinness, waɗanda suka fito daga ɓangarori biyu na rikicin Ireland ta Arewa, suka hau mulkin haɗin gwiwa a 2007, har aka riƙa tsokanarsu saboda yawan dariyar da suke yi tare a gaban 'yan jarida. An kuma jefa wa David Cameron da Nick Clegg kalmar lokacin da suka kafa gwamnatin gambiza a Birtaniya a 2010, amma a ganina a nan an ɗan matsa mata. Jam'iyyunsu ne suka bambanta. Su kansu shekarunsu ɗaya, dukansu 'yan gidan masu hali ne da suka yi makarantun kuɗi, ɗaya ya wuce jami'ar Oxford, ɗaya ta Cambridge, da wuya ka ce wane ne Oscar, wane ne Felix.