Kwaikwayon jijjigar nauyi da sifirin a kwamfuta

Tsarin nauyi da sifirin na cikin darussan farko da ɗaliban injiniya ke kwaikwayo a kwamfuta a kwas ɗin jijjiga. Abu uku ne kawai a ciki: nauyi m, sifirin mai tauri k, sai abin da ke shanye motsin, wato c, kamar dai shokozoban mota da ke hana ta yin ta lilo bayan ta faɗa rami.

Lissafin ya samo asali ne daga dokar Robert Hooke da ya wallafa a 1678, cewa gwargwadon yadda ka ja sifirin gwargwadon ƙarfin da zai ja ka, in aka haɗa da doka ta biyu ta Newton sai a samu mx'' + cx' + kx = F(t), inda x shi ne matsayin nauyin, x' gudunsa, x'' yadda gudun ke sauyawa, F(t) kuma ƙarfin da ke tura shi daga waje. Kwamfuta ba ta son shi a haka, sai an raba shi gida biyu, ɗaya na matsayi ɗaya na gudu, sannan a miƙa wa shirye-shiryen warware irin wannan lissafi, kamar ode45 a manhajar MATLAB ko solve_ivp a Python.

Amma fa kafin a taɓa kwamfuta, a fara da biro da takarda. A ce m kilo 2 ne, k kuma 50, to saurin jijjigar shi ne √(k/m), wato radiyan 5 a sakan, zagaye ɗaya kusan sakan 1.26 ke nan. In c ya kai 20 nauyin zai koma mazauninsa ba lilo ko ɗaya, in 4 ne kuwa zai yi ta kai da komo yana raguwa a hankali. Duk zanen motsin da kwamfuta ta fitar da ya saɓa wa wannan, akwai matsala a kod ɗin.

Inda ɗalibai suka fi shan wahala a asayimen shi ne hanyar Euler, wadda ke lissafa motsin taki-taki bayan kowace 'yar tazarar lokaci, da yake ita ce mafi sauƙin rubutawa kowa ita yake kamawa, alhali in c sifili ne sai ka ga lilon yana ta girma ba wanda ya tura shi, ƙarya ce kawai lissafin ya shirga. Rage tazarar lokaci na rage abin, amma hanyar Runge-Kutta mai mataki huɗu ta fi ta nesa ba kusa ba.

Girma na gaske yana zuwa ne idan bugun F(t) ya yi daidai da saurin jijjigar tsarin. Gadar Millennium ta Landan an rufe ta kwana biyu da buɗewa a 2000 saboda takun masu tafiya na sa ta rangaji, sai 2002 aka sake buɗe ta bayan an saka mata na'urorin shanye motsi.