Ma'anar "rarar ƙasa": yadda aka yanka ƙasar Sioux aka sayar wa 'yan kama-wuri-zauna

Duk mai bibiyar shari'o'in iyaka tsakanin ƙabilun asali na Amurka da gwamnatocin jihohi zai riƙa cin karo da wata magana da lauyoyi da alƙalai ke yawan maimaitawa, wato "surplus land", rarar ƙasa ke nan. Maganar ta haura shekara 130 ana amfani da ita, amma ba ta tsufa ba, domin har gobe da ita ake tantance wanda ke da ikon kama mai laifi a wani gari da wanda zai karɓi haraji a can. A takarda ma'anarta gajeriya ce: filin da ya rage a keɓaɓɓen yankin wata ƙabila bayan gwamnati ta yanka wa kowane mutum kasonsa. Wannan ragowar ce gwamnati ke ɗauka ta sayar wa baƙi masu neman gona. Babu inda aikin wannan magana ya fito ƙarara kamar ƙasar Sioux, a jihar Dakota ta Kudu ta yau.

Sioux, da ake furtawa "Su", suna ne da wasu suka laƙaba musu. Su kansu suna kiran al'ummarsu Oceti Sakowin, ma'ana murhu bakwai, kuma manyan rassansu su ne Lakota da Dakota. A 1868 suka ƙulla yarjejeniyar Fort Laramie da gwamnatin Amurka bayan yaƙin da sarki Red Cloud ya jagoranta. Yarjejeniyar ta ba su duk ƙasar Dakota ta Kudu da ke yamma da kogin Missouri, har da tsaunukan Black Hills masu tsarki a wurinsu. Sashe na 12 shi ne ƙashin bayan maganar: ba za a karɓi ko taku ɗaya na wannan ƙasa ba sai kashi uku cikin huɗu na balagaggun mazansu sun sa hannu. A riƙe wannan sharaɗi, domin duk abin da ya biyo baya kokawa ce da shi. A 1874 aka gano zinariya a Black Hills, a 1877 majalisar dokoki ta ƙwace tsaunukan da sa hannun kusan kashi 10 cikin ɗari kawai. Wannan ƙwace ne tsirara, babu wanda ya kira shi rara. Dabarar rara daga baya ta zo, kuma ta fi ƙwacen cin ƙasa.

Dokoki biyu ne suka haɗu suka haife ta. Ta farko ita ce dokar Homestead da Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1862. Ta ce duk magidanci, ko wanda ya kai shekara 21, ɗan ƙasa ne ko mai niyyar zama ɗan ƙasa, zai iya kama eka 160 na filin gwamnati, kimanin hekta 65 ke nan, ya gina ɗaki ya yi noma, bayan shekara biyar a ba shi takardar mallaka. Kuɗin rajista duka-duka dala 18 ne. Mutane suka yi ta kwarara yamma, har filayen kirki suka fara ƙarewa, idanu suka koma kan ƙasar da aka keɓe wa ƙabilu.

Ta biyu ita ce dokar Dawes ta 8 ga Fabrairu 1887, mai ɗauke da sunan Sanata Henry Dawes na Massachusetts. Ta ba shugaban ƙasa ikon auna ƙasar ƙabila a rarraba ta: eka 160 ga magidanci, 80 ga baligin da ba shi da aure da kuma maraya, 40 ga yaro. Gwamnati za ta riƙe takardun a matsayin amana na shekara 25. Masu goyon bayan dokar da yawa suna ɗaukar kansu masoyan ƙabilun ne, sun yi imani cewa mallakar gama-gari ce ke hana su ci gaba, in kowa ya tsaya a gonarsa zai zama manomi kamar Bature. Amma tun kafin dokar ta wuce, Sanata Henry Teller na Colorado ya yi gargaɗi a zauren majalisa cewa ainihin manufar irin wannan tsari ita ce a kai hannu ga ƙasar, kuma nan da 'yan shekaru mutanen za su wayi gari ba su da komai. A 1901 shugaba Theodore Roosevelt bai ɓoye ba, ya yabi dokar a matsayin gagarumin injin niƙa da zai farfasa dunƙulen ƙabila.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, babu wata rara a ƙasar kafin a zo da ma'auni. Lissafi ne ya ƙirƙiro ta. A ƙirga mutanen da ke raye a ranar, a ninka da adadin ekar da majalisa ta ga dama, a debe daga faɗin ƙasar, abin da ya saura ya zama rara. Mai son saye shi ya yanke iyakar buƙatar mai ƙasa, shi ya sa farashi, shi kuma zai riƙe kuɗin. Tamkar baƙo ne ya shigo gandun gida, ya yanka wa kowane ɗa gayaunarsa, sannan ya ce sauran gandun ba na kowa ba ne. Jikokin da ba a haifa ba babu su a lissafin. Wurin farauta, da makiyaya, da mashaya, da wuraren ibada, duk ba su shiga ba. Ga shi kuma yammacin Missouri ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, ta kiwo ce ba ta garma ba. Eka 160 a can ba ta riƙe iyali. Har ila yau, an yi wannan ƙidaya ne a daidai lokacin da yaƙi da cuta da yunwa suka rage yawan mutanen, bayan an karkashe garkunan ɓaunan da suke rayuwa a kansu. Iya ƙarancin masu ƙasa, iya yawan rarar.

A 1888 aka tura kwamiti ƙarƙashin Richard Pratt ya samo sa hannun Sioux, ya dawo hannu rabbana. Sai majalisa ta ɗan daɗaɗa tayin ta zartar da dokar 2 ga Maris 1889. Dokar ta farfasa babbar ƙasar zuwa ƙananan yankuna shida: Pine Ridge, Rosebud, Cheyenne River, Standing Rock, Lower Brule da Crow Creek. Magidanci zai sami eka 320. Abin da ke tsakanin yankunan, kimanin eka miliyan 9, za a buɗe wa 'yan kama-wuri-zauna. Farashin ma abin dubawa ne: dala ɗaya da kwata kowace eka a shekaru ukun farko, santi 75 a shekaru biyu na gaba, daga nan santi 50. Wato duk filin da baƙi suka yi jinkirin ɗauka, mai ƙasa ne ke asara. An kuma ware asusun dala miliyan 3 a baitulmalin gwamnati, wanda ba su ne ke juya shi ba.

Wanda aka ɗora wa nauyin samo sa hannun a wannan karo shi ne Janar George Crook, tsohon abokin gabarsu a fagen fama, wanda ya san su ciki da waje. Ya zagaya yankunan yana yanka shanu ana ci, yana ganawa da shugabanni ɗaya bayan ɗaya, yana nuna musu cewa in sun ƙi wannan, abin da zai zo ya fi shi muni. Sitting Bull, fitaccen shugaban Lakota, ya tsaya kai da fata a Standing Rock yana adawa, amma aka raba kan jama'a, aka tara sa hannu sama da 4,400, adadin da gwamnati ta ce ya cika kashi uku cikin huɗu. Babban abin da mutanen suka ji tsoro shi ne a rage musu abincin da yarjejeniya ta wajabta wa gwamnati ba su, kuma aka kwantar musu da hankali a kan haka. Crook da mutanensa na juya baya aka zabtare rabon naman shanu. A ranar 2 ga Nuwamba 1889 Dakota ta Kudu da ta Arewa suka zama jihohi, a ranar 10 ga Fabrairu 1890 shugaba Benjamin Harrison ya yi shelar buɗe ƙasar. Shekarar ta zo da fari da cututtuka. Cikin wannan ƙunci ne addinin Rawar Fatalwa ya bazu a tsakaninsu, hukuma ta firgita, aka kashe Sitting Bull ranar 15 ga Disamba, sannan ranar 29 ga watan sojoji suka kashe Lakota wajen 250 zuwa 300 a Wounded Knee, da yawansu mata da yara. Ba daidai ba ne a ba da labarin kisan nan a raba shi da cinikin ƙasar da ya gabace shi da 'yan watanni.

Ko wannan wahalar neman sa hannu ma ba ta daɗe ba. A 1903, a shari'ar Lone Wolf da Hitchcock, wadda ta shafi ƙabilar Kiowa a Oklahoma, Kotun Ƙoli ta yanke cewa majalisa na da cikakken iko a kan ƙasar ƙabilu, tana iya saɓa yarjejeniya ita kaɗai. Yankin Rosebud ne ya fara ɗanɗana wannan hukunci a ƙasar Sioux. Tun 1901 jami'in gwamnati James McLaughlin ya samo amincewar kashi uku cikin huɗu kan sayar da eka 416,000 a gundumar Gregory a kan dala 1,040,000. Majalisa ta ƙi biyan kuɗin a dunƙule. Ta sauya sharaɗi zuwa cewa za a riƙa ba ƙabilar kuɗi ne gwargwadon yadda baƙi suka biya. Da aka koma musu da sabon sharaɗin, adadin bai cika ba. A 1904 majalisa ta zartar da dokar haka nan, farashi ya fara daga dala 4 ya gangaro zuwa dala biyu da rabi.

Saboda yawan masu so, ƙuri'a aka jefa. Mutum sama da 100,000 suka yi rajista a garuruwa irin su Bonesteel da Yankton da Chamberlain, suna neman gonaki kimanin 2,400. Kamfanonin jirgin ƙasa suka yi ta talla suna kwasar kuɗin mota, 'yan caca da 'yan damfara suka cika Bonesteel. A 1908, bisa dokar 1907, aka sake yin haka a gundumar Tripp, dokar 1910 ta buɗe Mellette, dokar 1908 kuma ta buɗe manyan sassa na Cheyenne River da Standing Rock.

Adalci ne a faɗi cewa yawancin waɗanda suka ci ƙuri'ar talakawa ne: 'yan ci-rani daga Jamus da Norwe da Bohemiya, Jamusawan Rasha, malaman makaranta mata marasa aure, ma'aikatan da suka gaji da haya. Sun zauna a ɗakunan da aka gina da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa ko da katako da takardar kwalta, cikin sanyi mai kisa. Farin 1910 da 1911 ya kori dubbai daga cikinsu, filayen suka koma hannun bankuna da manyan makiyaya. Abin da ke ba ni takaici ke nan: an raba al'umma da ƙasarta da hujjar cewa ƙaramin manomi zai fi amfana da ita, ƙasar kuma ta nuna ba ta ɗaukar irin wannan noma, amma ba ta koma ga masu ita ba.

Kason da aka yanka wa mutane ma bai tsira ba. Dokar Burke ta 1906 ta ba hukuma damar ayyana mutum a matsayin wanda ya isa riƙe dukiyarsa, a miƙa masa takarda kafin shekara 25 ta cika, wani lokaci ba tare da ya nema ba. Da zarar haka ta faru sai haraji ya hau filin, mai bashi da dillali su biyo baya. Filayen da suka ci gaba da zama a amana kuwa gado ya yi ta rarraba su, har aka kai gona guda tana da magada ɗaruruwa, babu mai iya nomanta sai dai a ba da haya. A faɗin Amurka, ƙasar ƙabilu ta faɗo daga eka miliyan 138 a 1887 zuwa miliyan 48 a 1934, kuma kusan miliyan 60 daga cikin abin da ya salwanta ta ƙofar rara ya fita. A 1934 ne, zamanin John Collier, kwamishinan harkokin ƙabilun asali, aka yi dokar da ta dakatar da rabon, ta kuma ba da damar mayar wa ƙabilu rarar da ba a riga an sayar ba. Wadda aka sayar ta tafi. Sai a 2009 sulhun shari'ar Cobell, ƙarar da 'yan ƙabilun suka kai gwamnati kan yadda ta riƙe amanar dukiyarsu, na dala biliyan 3.4, ya ware biliyan 1.9 don sayen waɗancan gutsattsarin gado a haɗe su a hannun ƙabilu.

Tambayar da ta rage wa kotuna ita ce: idan majalisa ta buɗe rara ga baƙi, shin iyakar yankin ƙabilar ta matso ciki ke nan, ko kuwa baƙin ne suka shigo suka zauna a cikinsa? Amsar tana rataye ne a kan lafazin kowace doka da yanayin da aka yi ta. A 1977, a shari'ar ƙabilar Rosebud da Kneip, Kotun Ƙoli ta ce dokokin 1904 da 1907 da 1910 sun rage yankin, don haka Gregory da Tripp da Mellette sun fita, abin da ya rage shi ne gundumar Todd. A 1998 ƙabilar Yankton, wani reshe na Sioux, ta sha irin wannan kaye, saboda yarjejeniyarta ta ambaci sallamawa da kuɗi tsayayye, dala 600,000. Amma a 1984, a shari'ar Solem da Bartlett, alƙali Thurgood Marshall ya rubuta cewa dokar 1908 ta ba da izinin sayar da fili ne kawai, ba ta goge iyakar Cheyenne River ba. Saboda haka ɗan ƙabilar da ya aikata babban laifi a garin Eagle Butte da ke cikin yankin Cheyenne River, kotun tarayya ce za ta saurare shi, ƙananan laifuka kuma kotun ƙabila, jihar ba ta da hurumi. Wanda ya aikata irinsa a cikin garin Gregory, gaban alƙalin jihar Dakota ta Kudu zai gurfana.